Kwana uku a ɗakin jarirai: abin da na yaba da abin da ya ɓata mini rai

Cikina yana da sati 26 aka ba ni ruwan suga mai giram 75 a wurin awo, aka ɗibi jinina sau uku. Na farko, wanda aka ɗiba ban ci komai ba, ya nuna 5.8, alhali daga 5.1 ake cewa mai ciki ta kamu da ciwon suga. Na bi doka, daga baya aka ƙara mini da allurar insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini. Amma duk zaryar da na yi, ba wanda ya taɓa ce mini shi ma jaririn akwai abin da ke jiransa. Wannan ne babban ƙorafina a kan asibitin.

Aiki aka yi mini, yaro ya zo da kilo 4.2, kowa sai tubarkalla yake yi. Bayan awa biyu wata nas ta soki diddigensa don auna sugan jininsa, na'ura ta nuna 2.1. Na ce, "Sista, ai lafiyarsa ƙalau, barci kawai yake yi." Ta ce, "Maman yaro, barcin nan ne ba na so."

Ta jawo kujera ta zauna, abin da ban saba gani ba. Ta ce sugan jinina yana ratsa mabiyiya ya isa ga yaro, shi kuma jikinsa ya yi ta samar da insulin mai yawa, shi ya sa ya yi ƙiba. Da aka yanke cibiya sugan ya tsaya, insulin ɗin bai tsaya ba, sai nasa sugan ya faɗi. Su ba sa son ya sauka ƙasa da 2.6, kuma ba sa jiran sai ya fara karkarwa kafin su auna. Da bakinta na fara jin wannan, ga ni kwance da ɗinki.

Ta taimaka mini na tatsi dakashi aka ba shi, ta kwantar da shi a ƙirjina. Da awo na biyu bai tashi ba, suka wuce da shi ɗakin jarirai aka sa masa ƙarin ruwa. Ɗakin tsaf yake, ba ka shiga sai ka wanke hannu, kuma kowane awo suna rubutawa a takardar da ke jikin gadonsa, ina iya karantawa da kaina.

Sai dai nisa! Daga gadona zuwa can doguwar baranda ce, ga shayarwa duk bayan awa uku, keken tura marasa lafiya kuma ɗaya tak. Masu aikin dare ma ba su da sakin fuskar na rana.

A kwana na uku aka cire ruwan, aka duba shi ko akwai shawara, babu. Kafin sallama Sista ta rubuta mini a kati in dawo bayan sati shida a sake auna sugana, har ta ja layi biyu a ƙarƙashi.