Ƙashin saniya a muƙamuƙina

Wata biyar ke nan da aka zuba mini garin ƙashi a muƙamuƙi a wani asibitin haƙori mai zaman kansa nan Gombe. Shekara uku da cire mini turmin hagu na bar gurbin haka nan, da na je neman dashen haƙori likita ya duba hoto ya ce ƙashin wurin ya zaizaye, sukurun ƙarfen taitaniyam da zai riƙe sabon haƙorin ba zai samu abin kamawa ba sai an cike. Na ce to, bismillah.

Hannun likitan da sauƙi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Kumburi na kwana uku, sai 'yan ƙwayoyi kamar yashi da nake ji a harshe, ya ce ba komai.

Ana nan sai ƙanwata, wadda take aikin jinya, ta zo gaishe ni, ta ce, “Yaya, ƙashin wace dabba aka sa maka?” Na ce dabba kuma? Ashe irin garin nan akwai na saniya, akwai na doki, akwai na alade. Wallahi ranar ban runtsa ba. Da asuba ina alwala ina kurkure baki, zuciyata tana ta saƙe-saƙe. Gari na wayewa na tari Keke Napep. Yarinyar da ke karɓar kati ta ce mini wai “ai duk ɗaya ne, Alhaji.” Ɗaya ne a gidan wa?

Likita ya fito da kwalin garin, sunansa Bio-Oss, daga Suwizalan, na saniya ne. Ya ce ana gasa shi a wanke shi har ba sauran nama ko kitse, sai tsagwaron ma'adinin ƙashi, wanda nawa ƙashin zai bi ya tsiro a cikinsa cikin wata huɗu zuwa shida. Na yi hamdala. Hoton makon jiya ma ya nuna wurin ya cika, an sa mini ranar dashe.

To amma akwai wata 'yar fata da ya rufe garin da ita kafin ɗinki, mai narkewa da kanta, ita ma ƙanwata ta ce da yawanta daga alade ake yi. Na tambaya, ya ce kwalinta an zubar, zai duba mini. Kuɗi kuwa tun kafin in zauna kan kujera aka ƙirga su cif. Sau biyu ina komawa, har yau yana dubawa.