GARGAƊI: Bakaniken da ya cinye mini riyal 2,800 a kan kartir, Sinaiyyar Jidda (unguwar makanikai)

Riyal 2,800. Dubu biyu ta banki, ɗari takwas hannu da hannu. Ina da hoton tura kuɗin, ina da saƙonnin muryarsa duka, kuma wallahi zan ɗora su nan da zarar na rufe lambar asusun, don asusun ma ashe ba da sunansa yake ba.

Motar ba tawa ba ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Camaro SS ce ta ɗan kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ƙirar 2013, mai inji 6.2. Kun san yadda cikinta yake kusa da ƙasa. Yaron ya haye matab, tudun nan na rage gudu a titi, da gudu, da safe muka tarar da baƙin mai ya yi tabki a ƙarƙashinta. Kartir, wato kaskon da ke riƙe baƙin mai a ƙarƙashin inji, ya tsage. Ya miƙo mini kuɗi ya ce in nemo mai gyara, don ya yarda da ni.

Kada wani ya zo yana ce mini ban yi bincike ba. A guruf ɗinmu na Hausawan Jidda aka ba ni lambar bakaniken, har da masu cewa ya taɓa yi musu aiki. Na je warshar, wato garejin, da ƙafata. Ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, ya fito yana goge hannu, ya ce, "Ƙanena, wannan kartir ɗin alminiyam ne, ba ya lotsewa kamar na ƙarfe, tsagewa yake yi. Kuma ba a zare shi haka kawai, sai an kwance inji daga mazauninsa an ɗaga shi." Ya ce alminiyam da ya sha mai ba ya karɓar walda sai an wanke shi fes an yi masa ta argon, gara ya samo mana lafiyayye a tashlihin Briman, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne! Na tambayi wasu daga baya, ko kalma ɗaya bai yi ƙarya a bayanin ba. To ku gaya mini, wa zai ji wannan ya yi zargi?

Ya dafa kafaɗata. "Ƙanena, ni da kai a ƙasar mutane, in na cuce ka ina zan sa kaina?" Wannan maganar ce take hana ni barci. In na cuce ka ina zan sa kaina. Ana kiran la'asar, tare muka shiga masallaci, sahu ɗaya.

Kartir 1,500, aiki 900, mai da filta da gasket 400. Ku haɗa. 2,800.

Bayan na karɓo motar, a hanyar Makka, wajen Bahra, fitilar mai ta kawo ja. Allah Ya sa ni ne a kan sitiyari, na kashe ta nan take, da yaron ne da inji ya buga. Saɗaha, motar ɗaukar motar da ta lalace, ta ɗauke mu, wannan ma kuɗi ne daban, daga aljihuna. Au, kafin nan ma, tun daren da na karɓo motar na ga ɗigo a ƙasa na kira shi, ya ce ragowar tsohon mai ne da ya maƙale a jikin ƙarfe, in kwantar da hankalina. Kuma kafin wannan ya turo mini bidiyon wani kartir a ƙasa yana cewa ga na motarmu ya cire. Na wata mota ne.

Bakanike na biyu, wani dattijo ɗan Yaman, ya ɗaga motar ya kira ni. Ko noti ɗaya ba a taɓa ba, ƙurar da ke kansu tana nan yadda take. Mutumin nan tsiyaye mai kawai ya yi, ya shafa gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake cakuɗawa a kan tsagar, ya fesa fenti ruwan azurfa. Dattijon ya sa sukundireba, gam ɗin ya ɓantare kamar ƙanzo. Filta ma tsohuwar ce. Injin da ke shan mai lita bakwai da wani abu, abin da ya rage a ciki ban so in tuna. A gabana aka ɗaga injin, aka fito da kartir, aka wanke, aka huda ƙarshen tsagar gefe biyu don kada ta ci gaba, aka yi waldar argon, aka zuba kananzir aka ga ba ya yoyo, sannan sabon gasket. Alhali tun farko na biya riyal 2,800 a sa mana lafiyayye.

Na koma warshar, aka ce ai ba tasa ba ce, rami kawai yake haya in ya samu aiki. Wayarsa a kashe. An ce in kira 1900 na Ma'aikatar Kasuwanci, to da wace fatura, wato rasit? Ya ce tsakanin 'yan'uwa ba a fatura.

Ku karɓi fatura mai hatimin warsha. Ku ce a ba ku tsohon kartir a hannu kafin ku cika kuɗi. Kada ku tura wa asusun da ba sunan mai aikin ba.

Yanzu kafili ya ce daga albashina za a cire, wata-wata. Waɗanda suka yabe shi a guruf kuma, tun da na yi magana ba wanda ya ce uffan. Ina jiran ku.