Sikuta mai lantarki ko moto: wacce ta dace da Damagaram?

Moto kowa ya san ƙa'idarta: lamba, takardu, inshora, hular kwano. Tayarta babba ce, tana ratsa yashin lungunan Birni, ga matatar man fetur ta SORAZ kusa. A titunanmu ita zan zaɓa.

Sikuta mai lantarki, wadda ake hawa a tsaye, ba hayaƙi, ba ƙara. Shirun nan kuwa haɗari ne, don yaron da ke tsallaka titi ba zai ji zuwanka ba. Tayarta ƙarama, rami kaɗan sai ka kife. Batirinta ba ya son zafin bazara, balle a ɗauke wuta ana tsakiyar caji. Ko a Faransa, mai kwalta ko'ina, tun 2019 an ƙayyade mata kilomita 25 a awa, an kuma hana goyo.