Oba-oba ko wayar hannu a gona, wacce ta fi?

Alhaji barka da war haka. Tun jiya da daddare na ga tambayarka amma caji ya ƙare min, sai yanzu na samu zama. Ka ce gonarka ta kai hekta 40, ga kejin kaji a gefe guda ga garken shanu a can ƙarshe, yara takwas da masu gadi biyu, sabis kuma sai an hau tudu ana ɗaga waya sama, gidanka yana cikin gari kilomita 15 daga wajen. Kana so ka san ko ka sayi oba-oba ko ka ci gaba da tura musu kati, in kuma oba-oba ce wacce iri. Ni dai damina uku kenan ina aiki da su duka biyun a gonar shinkafa da masara, bari in faɗa maka yadda na gansu.

A cikin gona oba-oba ta fi waya, nesa ba kusa ba. Dalili kuwa ita waya ko yaron yana bayan bishiyar can kana hango hularsa, sai muryarka ta tafi ƙarfen sabis ta shiga na'urorin kamfani sannan ta dawo gare shi, in ƙarfen ya yi nisa ko dizal ɗin janaretansu ya ƙare shikenan kun zama kurame. Oba-oba ba ruwanta da ƙarfen kowa, daga hannunka sai hannunsa. Mutanen Zamfara sun san wannan karatun, a Satumban 2021 da aka katse sabis a jihar gaba ɗaya, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, makonni aka yi waya ba ta da amfani sai haska fitila da duba lokaci.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba ma wannan bane. Da waya mutum ɗaya kake kira, ka nemo lamba, ta yi ta ringin, hannunsa duk taɓo ko yana kan babur bai ɗauka ba, ka sake kiran wani. Da oba-oba ka danna maɓalli sau ɗaya kowa ya ji a lokaci guda. Ranar da shanun wani suka faɗa mana ta gefen gabas masara tana bunni, maigadi kalma biyar ya faɗa, kafin in sa takalmi yara huɗu sun isa wajen, an kora su lafiya ba a yi cacar baki da kowa ba. Da a waya ne da sai ya kira ni, ni in kira manaja, manaja ya kira wanda ya fi kusa, kafin nan an cinye kadada guda. Haka ban ruwa, mai injin yana bakin kogi mai buɗe hanyar ruwa yana can ciki, "kashe" "kunna" "rage" sau nawa za ka kira a waya a wuni ɗaya? Ga gobarar kaka in an yi girbi karmami ya bushe iska tana kaɗawa, nan kam minti ɗaya ma dukiya ce.

Maganar kuɗi kuma, oba-oba sau ɗaya kake saye, sai dai canjin batir in ya gaji. Kati kuwa kullum ne, kuma kai ma ka san rabinsa ba a aikin gona yake tafiya ba, hira da budurwa ne da TikTok. Kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo suna da tsarin CUG wanda ake biya duk wata ku riƙa kiran juna kyauta, yana da kyau ƙwarai ga wanda yake da sabis, kai kuma matsalarka ai sabis ɗin ne babu.

To ina waya ta fi? Duk abin da ya wuce shingen gona. Likitan dabbobi, dillalin ƙwai, direban da zai kawo taki, tiransifa, ɗaukar hoton kazar da ta kumbura a tura wa likita ya gani, wannan duk sai waya. Sannan a oba-oba mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda, in ka danna kana magana ba ka jin kowa har sai ka saki, shi ya sa ake cewa "oba", wato na gama sai kai, a ƙarshen zance, daga nan ma sunan ya samo asali. Satin farko za ka sha dariya da haushi, wani zai fara magana kafin ya danna, wani zai zauna a kan maɓallin ya toshe tashar kowa yana jin yana cin rogo.

Yanzu maganar nisa, a nan ake cutar mutane. Za ka ga an rubuta a kwali kilomita 10 ko 16 ko ma fiye, wannan lissafin wanda ya tsaya kan dutse ne yana magana da wani a kan wani dutsen ba komai a tsakani. Muryar oba-oba a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, tudu yana tare ta, gini yana rage ta, ganye mai ruwa yana shanye ta. A ƙasa hannu da hannu abin da na saba samu kilomita 2 zuwa 3 ne a fili, in dawa ta yi tsayi a watan Satumba kuma ya ragu sosai. Amma duba lissafin gonarka, hekta 40 in a dunƙule take kowane gefe wajen mita 630 ne, daga kusurwa zuwa kusurwa bai kai kilomita 1 ba. Kaga ko mafi arha a kasuwa za ta ɗauke maka wannan. Kar wani ya zuga ka ka sayi mai wat 10 ko 15 wai ta fi tafiya, yawancin lambobin nan ado ne a kwali, kuma ko gaskiya ne tsayin eriya ya fi ƙarfin wat tasiri. Yaron da ya hau kan tankin ruwa da ƙaramar rediyo zai fi wanda ke cikin kwari da babba isar da murya.

Shi kuma gidanka na kilomita 15, ta hannu ba za ta kai ba, kar ka wahalar da kanka. Sai dai a kafa babba ta tebur ko ta mota mai wat 25 zuwa 50 a gida, a ɗaura mata eriya a dogon ƙarfe, a yi irin haka a gona a kan tankin ruwa, ko a sa rifita wato na'urar da ke karɓar murya daga sama ta sake cilla ta da ƙarfi. Yana yiwuwa sosai in ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, amma kuɗin ya tashi daga wasa, ga sola da batir, ga lasisi. Ni da na auna sai na bar shi, na ajiye ƙaramar waya mai maɓalli guda ɗaya a ɗakin maigadi inda sabis yake ɗan kamawa, shi ne gadarmu, ina kiran sa a waya shi kuma ya sanar da kowa ta oba-oba.

Sai wacce iri. Zangon rediyo biyu ne, wato hanyar da muryar ke bi a iska, za ka ji ana faɗa, VHF wajen 136 zuwa 174 MHz, da UHF wajen 400 zuwa 470. VHF ta fi son fili da daji, tana jure ganye da ɗan tudu, sai dai eriyarta doguwa ce. UHF ta fi iya kutsawa cikin gini da tsakanin kwano da ƙarfe, wato cikin kejin kajinka da sito ita ce za ta fi fita tas. Da gonar ta kai hekta ɗaruruwa ko kuma ana fita kiwo nesa da na ce VHF, amma a taka UHF ta wadatar.

A kasuwa kuma, ko Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, biyun da za a fara miƙo maka na kamfanin Baofeng ne. BF-888S UHF ce kawai, tasha 16, ba allo ba lambobi, murɗa biyu ne a kai ɗaya na tasha ɗaya na ƙara. UV-5R kuma tana ɗaukar zangon biyu, tasha 128, wajen wat 5, da allo da maɓallai rututu har da rediyon FM. Kowa idonsa kan UV-5R yake tafiya saboda ta fi kama da ta jami'an tsaro, amma ni ga ma'aikata 888S nake ba wa. Abin da ya koya min, na ba wani yaro mai allon, kwana biyu ya latse-latse ya canja komai ba mai jin sa, ashe ma wuni yake yana sauraron FM batir ya mutu kafin la'asar. Wadda ba ta da abin latsawa ba ta da abin ɓatawa. Mai allon ka riƙe ta kai da manaja. In aljihu da nauyi akwai Motorola da Kenwood da Icom da Hytera, ba wai sun fi nisa da wani abin a zo a gani bane, ƙwari ne da tsabtar murya da jure ƙura da ruwa da faɗuwa daga kan tarakta, kuɗin ɗaya zai saya maka na Baofeng da yawa, kuma jabunsu sun cika gari musamman batir.

Akwai wata da ake tallata wa yanzu wai tana kaiwa daga Kano har Legas. Gaskiya ne tana kaiwa, amma buɗe bayanta ka gani, layin waya ne a ciki, da data take aiki kamar Zello, manhajar da ke mayar da waya tamkar oba-oba. Waya ce ta sa rigar oba-oba, inda ba sabis gawa ce, kai ba taka ba ce.

Wani abu da ban so ka raina shi ne sirri. Oba-oba irin waɗannan ba ta da sirri ko kaɗan, duk mai irinta da ya faɗo kan lambar tasharku zai ji komai. Mai shago zai ce zai sa maka "kod", wato CTCSS, wannan hana ka jin surutun wasu kawai yake yi, ba ya hana wasu jin naka. Saboda haka kar a kuskura a faɗi a kanta cewa Alhaji yana hanya, ko an kawo kuɗin leburori, ko maigadi ɗaya ne yau. Halin da ake ciki ka sani, ɓarayin daji ma suna riƙe irinta. Wannan ne kuma ya sa jami'an tsaro a shingen hanya ba sa ganin ta da wasa, yaro ya rataya ta a ƙugu ya hau babur ya shiga kasuwar ƙauye zai iya kwana yana bayani. Dokata ita ce ba ta fita daga gona, rasit yana ajiye, kuma tun farko na je na sanar da mai gari da ofishin 'yan sanda na yankin. A hukumance ma zangon rediyo ba na kowa da kowa bane, a Najeriya Ma'aikatar Sadarwa ta tarayya da hukumar NCC ne ke kula da rabonsa da ba da izini, a Nijar kuma ARCEP. Wasu 888S ɗin suna zuwa da tashoshin da aka saka tun daga masana'anta waɗanda za su iya cin karo da na wata hukuma ko kamfani, don haka ka nemi dila mai rajista ya saita maka su duka da kwamfuta a kan abu ɗaya, ya kuma nuna maka hanyar takarda.

Ba sai ka saya wa mutum goma ba. Shida sun isa, ɗaya ɗakin gadi, ɗaya kejin kaji, ɗaya garke, ɗaya wajen injin ruwa, manaja, sai taka in ka shigo. Ka haɗa da batir biyu na ajiya, kuma ka nemi masu cajar USB tunda sola za ku dogara da ita. Ka gargaɗe su kar a ɗauke ta ta eriya, kar a danna maɓallin magana in eriya a cire take don yana iya ƙona ta, kar a bar ta kan bonet a rana, lokacin hunturu a riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe lasifika. Kafin ka biya kuɗin shidan ma ka sayi biyu tukuna, ka tsaya cikin kejin kaji ka tura yaro can ƙarshen garke ya shiga kwari mafi zurfi a gonar ya kira ka, in ka ji shi sarai sai ka koma ka ƙaro huɗun.