Shekara guda da na'urar ƙidayar ƙura ta hannu

Shekara guda ke nan ina aiki da ƙaramar na'urar ƙidayar ƙura ta hannu a ɗakinmu na haɗa kayan lantarki, wanda ke kan mataki na 7 a ma'aunin tsabtar iskar ɗaki na ISO 14644-1, wato bai halatta ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.5 zuwa sama (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) su wuce 352,000 a kowace kubik mita ta iska ba. Na'urar takan zuƙo iska ta ratsa hasken leza, duk ƙwayar da ta gifta sai ta warwatsa hasken, da haka ake gane girmanta da yawanta.

Wajen duban yau da kullum, ta biya ni. Wata safiya adadin ya haura a kusurwa ɗaya alhali sauran ɗakin lafiya lau, sai na riƙa bin gefen matatar iska ta HEPA da ke saman wurin a hankali, ina kallon allon, har na iso inda lambobin suka yi tsalle. Da ƙwararru suka zo gwajin yoyo, sai ta bayyana cewa matatar kanta, mai tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3, ba ta da laifi. Robar da ke liƙe bakinta ce ta saki. Na'urar ce kuma ta kashe mini gardama da abokan aiki, domin sun gani da idonsu yadda tafiya da sauri ko gyara hular kai ke tayar da adadin nan take.

Aibinta shi ne ƙarancin zuƙa. Lita 2.83 kawai take ja a minti ɗaya, saboda haka idan ana son kubik mita cikakkiya a teburinmu na mataki na 5, inda iyakar ta sauko zuwa 3,520, sai an yi kusan awa 6 ana jira, abin da babbar na'ura mai lita 28.3 ke gamawa cikin minti 35. Ba ta kuma bambanta ƙura da ƙwayar cuta mai rai, don haka masu haɗa magani kada su dogara da ita kaɗai. Sannan dole ne a tura ta a daidaita ta duk shekara bisa ISO 21501-4, ƙa'idar daidaita irin waɗannan na'urori, kuma a makonnin da ba ta nan, sai da muka koma aro.