Mata ku yi hattara da mai "cire endometiriyosis cikin kwana 21"

Salam 'yan uwa mata. Na daɗe ina juya maganar nan a raina don ƙanwata ba ta so a san halin da take ciki, amma jiya na sake cin karo da bidiyon matar nan a TikTok, mata sai tambayar farashi suke a ƙasa, shi ne na ce a'a gara in yi magana ko da ban kama suna ba.

Ƙanwata tun tana sakandare al'ada ke kayar da ita. Ba irin ciwon marar da ake shan shayi da citta ya lafa ba, wannan sai ta kwana biyu tana murƙususu a tsakar ɗaki, ga amai ga ciwon baya, ko bayan gida ta shiga da hawaye take fitowa. A gida ana ta cewa idan ta yi aure zai daina. An yi auren bai daina ba, sai ma zafi lokacin kwanciya da ya ƙaru, ga shekara 3 shiru ko ɓatan wata. Sai bara likitan mata ya yi mata sikanin ya ga ƙulli a ƙwan mahaifarta na hagu, ya ce endometiriyosis ne, wato wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, kan ƙwai ko bayan mahaifa ko jikin hanji, duk wata sai ya kumbura ya yi jini shi ma alhali ba shi da hanyar fita. Ya ce za a fara da magani, idan bai yi ba a duba batun aiki. Kalmar aikin nan kawai ta ji ta rikice.

A nan matar ta same mu. Baki kamar zuma, komai "Hajiyata kada ki damu", wai likitoci wuƙa kawai suka sani, wai ba wani endometiriyosis, tsohon sanyi ne ya daskare kuma ita cikin kwana 21 take fitar da shi gaba ɗaya ba tiyata. Naira 85,000 muka tura, akawun ɗin ma sunan wani namiji ne, ta ce ɗanta ne. Ni na cika kuɗin wallahi, don haka ni ma da laifina a ciki. Aka aiko da leda ta tasha: garin sha a roba, tsimi, da wasu ƙulle-ƙulle guda uku kamar gurjiya naɗe cikin farin ƙyalle da zare a jiki, wai a yi matsi da su a bari kwana uku. Sharaɗinta na farko kuwa a ajiye maganin asibiti, wai ba sa haɗuwa.

Bayan kwana ukun wani abu fari-fari kamar fata ya dinga fita, ga ƙaiƙayi ga raɗaɗi, muka tura mata hoto ta turo da saƙon murya tana kabbara wai cutar ce ke fita. Mako biyu kuma ciwon ya ɗan lafa, mu har murna. Sai fuskar yarinya ta fara cika, cin abinci ba ƙaƙƙautawa, ga wari da zazzaɓi. Da muka koma wurin likita da kunyarmu ya ce abin da ya fita fatar gabanta ce matsin ya ƙona ta saɓule, har ƙwayar cuta ta samu wurin shiga. Garin kuma yana zargin an haɗa shi da irin ƙwayar nan ta sha-ka-fashe, ita ke danne zafi ta kumbura mutum. Ya faɗi magana guda da ta tsaya min: cutar tana can cikin ciki a wajen mahaifa, ta ina abin da aka cusa ta gaba zai kai gare ta har ya jawo ta waje? Wallahi da mun tsaya mun yi wannan tunanin da kuɗinmu na aljihunmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa ke fama da ita, kusan miliyan 190, kuma har yau ba ta da maganin da ke warkar da ita kwata-kwata, rage mata ƙarfi ake yi, ko bayan tiyata tana iya dawowa. To wai wata mai leda a tasha ce ta gano shi.

Kuma fa akwai hanyoyin gaskiya na rage ciwon ba tare da aiki ba, shi ya fi ba ni haushi. Yanzu tana shan ibuprofen da zarar al'ada ta kusa, bayan ta ci abinci, mai olsa kam sai ta tambayi likita tukuna. Tana ɗora robar ruwan ɗumi a mara, tana ɗan tattaki da yamma, ta ce yana sassauta mata. Akwai magungunan homon irin na tsarin iyali, ƙwaya ko allura ko robar mahaifa, da ke rage jinin da ciwon sosai, sai dai suna hana ɗaukar ciki muddin ana kansu, don haka mai neman haihuwa irin ƙanwata dole ta faɗa wa likita tun farko a tsara mata.

Lambar NAFDAC da ke jikin robar na duba ta a Greenbook, wato kundin magungunan da hukumar ta yi wa rajista da ke intanet, babu ita. Ko da ma akwai, lambar maganin gargajiya ba shaidar yana warkar da abin da mai shi ke faɗa ba ce.

Da na tura mata takardar asibiti na ce ta dawo mana da kuɗinmu sai ta ce ai ƙanwata ce ta karya doka ta sha ruwan sanyi, amma idan muka ƙara 40,000 akwai haɗi na biyu mai ƙarfi. Ina sake magana ta yi bulokin ɗina. Shafin da na gani jiya sunan ne kawai ya canza, muryar ita ce, kuma hoton da take nunawa a matsayin shaidar wadda ta warke, tayil ɗin banɗakin ƙanwata ne a ciki.