Saukar da kumbo: Kerbal Space Program ko No Man's Sky?

Samari sun ishe ni da tambayar wanne za su saya cikin waɗannan wasannin kwamfuta biyu na tuƙa kumbo a sararin samaniya.

A Kerbal, tun sigar 2015, iska ba ta ɗaga ƙafa. Ka faɗo a tsaye da gudu, kumbo ya yi jawur ya tarwatse. Dole garkuwar zafi ta fuskanci gaba, lemar sauka kuma in ka buɗe ta da wuri sai ta yage. Ni kam sai da na babbake 'yan sama-jannatina sau uku kafin na gane kanta.

No Man's Sky na 2016 kuwa, ka keta gajimare, ka danna maɓalli ɗaya, ka sauka lafiya lau. Man tashi kaɗai ke ɗaure mutum.

Mai haƙuri da son lissafi ya ɗauki Kerbal. Wanda ya dawo aiki a gajiye, yawo kawai yake so, No Man's Sky ya ishe shi.